Shin Ko Kun San? Iskar Naitirojin Da Tayar Tirelar Maigatari

Shin ko kun san cewa duk tayar da mai faci ya buga wa iska a bakin tashar Gumel, galibin abin da ke cikinta naitirojin ne? Iskar da muke shaƙa, wadda injin mai faci yake zuƙa ya tura cikin taya, kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, kashi 21 oksijin, ɗan abin da ya rage kuma wasu tsirarun iskoki ne da danshi gwargwadon yanayi. Don haka idan aka ce wa mai tirela a wani babban gidan taya na birni ya ƙara kuɗi a sa masa naitirojin, ba baƙon abu za a ɗura masa ba. Kason za a ɗaga daga 78 zuwa 93 ko 95, a rage oksijin, a kore danshi. Duk gardamar da direbobi suke yi a majalisa, a kan wannan ɗan tsakanin take.

Ko kun san manomin Gagarawa ya riga direba sanin naitirojin? Shi ne ƙarfin takin yuriya, wanda kashi 46 cikin ɗari nasa naitirojin ne, kuma shi ne harafin farko a jikin buhun NPK. Wake da gyaɗa suna kamo shi daga iska ta 'yan ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu, shi ya sa gonar da aka yi wake take karɓar gero da kyau a shekara mai zuwa. Wani ɗan Sikotilan mai suna Daniel Rutherford ne ya fara ware shi daga sauran iska a 1772. Ba ya ci da wuta, ba ya kuma taimaka wa wuta ta ci. Ku riƙe wannan, za mu zo inda yake da amfani.

Shin ko kun san taya tana sacewa ko ƙusa ba ta taɓa ta ba? Roba tana tsatsafar da iska ta jikinta kamar yadda tulu yake tsatsafar da ruwa, a hankali, ba tare da an ga inda take fita ba. Oksijin ya fi naitirojin saurin ratsa roba sau uku zuwa huɗu, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu sayar da naitirojin. Gaskiya suka faɗa. Abin tambaya shi ne girman ribar, kuma an auna ta. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ɗauki tayoyin ƙananan motoci iri 31, kowane iri guda biyu, ta buga wa ɗaya iska ɗaya naitirojin, dukansu a kan awo 30 na geji, ta ajiye su a waje daga 2006 zuwa 2007. Da shekara ta cika, masu iska sun rasa 3.5, masu naitirojin sun rasa 2.2. Bambancin shekara guda cur bai wuce 1.3 ba. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta yi nata gwajin ta fitar da rahoto a 2009, ta gano cewa tayar naitirojin tana sacewa da kusan kashi biyu bisa uku na saurin tayar iska. Wato ita ma tana sacewa. Wanda ya sa naitirojin ya jefar da geji a ƙarƙashin kujera ya sayi kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Tun da oksijin ne yake riga fita, tayar da ta daɗe ana ƙara mata iska kaɗan-kaɗan ba tare da an sace ta gaba ɗaya ba, da kanta take tace kanta, kason naitirojin ɗinta yana hawa sama da 78 babu ko kwabo.

Shin ko kun san naitirojin ba ya sanyaya taya? Wannan ita ce maganar da ta fi yawo a bakin mutane, ita ce kuma ta fi damuna, domin a ƙasar Gumel zafi ba abin wasa ba ne. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yana haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Dokar da Allah ya ɗora wa iska ɗaya ce: idan ta ɗumama a rufaffen wuri ƙarfinta ya ƙaru, idan ta huce ya ragu. Busasshiyar iska da naitirojin duk wannan doka suke bi, taku ɗaya. Tayar tirelar da geji ya nuna 100 da asuba ana digiri 20, idan rana ta take aka kai 40 za ta nuna kusan 108 tana tsaye ko motsi ba ta yi ba, ko da me aka cika ta. Ku juya lissafin ku ga inda haɗarin yake. Idan da tsakar rana mai faci ya daidaita ta a kan 100, gobe da asuba 93 za a tarar. Shi ya sa masu ƙera taya suke cewa a auna ta da sanyi, kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta sa'o'i uku zuwa huɗu.

Zafin da yake fasa taya kuwa yawancinsa daga jikinta yake tasowa. Duk juyi ɗaya, gefen taya yana lanƙwashewa a inda ya taɓa ƙasa sannan ya miƙe. Idan iska ta yi ƙasa, ko lodi ya yi yawa, ko gudu ya ƙaru, lanƙwasar sai ta yi zurfi, roba da wayoyin ƙarfen da ke cikinta su yi ta ɗaukar zafi har su rabu da juna. Guntayen baƙar robar da kuke gani zube a gefen hanyar Gujungu zuwa Kano mafi yawansu haka aka same su.

Ko kun san rage iska saboda zafi yana ƙara zafin ne? Al'ada ce da ta zauna a wurin direbobi da yawa, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. An tsaya shan shayi, yaron mota ya sa geji ya ga taya ta hau, sai ya ce, “Oga, ta yi yawa, in rage?” A bar ta. Tayar babbar mota da take aiki tana hawa da 10 zuwa 15, wani lokaci ma fiye, kuma an ƙera ta ne da sanin haka. Idan aka rage ta tana da zafi, an bar ta da iskar da ba ta kai nauyin da ke kanta ba, sai ta ƙara lanƙwashewa, ta ƙara zafi, geji ya sake hawa, a sake ragewa, har a kai ga abin da ake gudu.

Shin ko kun san abokin gābar da ke cikin taya ruwa ne? A nan ne naitirojin yake da ƙwaƙƙwarar hujja ta biyu, domin a bushe yake zuwa. Injin mai faci idan ya matse iska, danshin da ke cikinta yakan zama ruwa ya kwanta a gindin tanki, kuma idan ba a zubar ba sai ya biyo tiyo ya shige taya. Ruwa ba ya bin dokar da muka faɗa a sama. Idan taya ta ɗauki zafi sai ya zama tururi ya ƙara nasa ƙarfin, har kusan awo 6 zuwa 7 idan cikinta ya kai digiri 80, ga shi yana sa rim tsatsa, yana cin wayoyin taya idan ya sami ƙofa. To amma ku dubi inda muke. Daga Nuwamba zuwa Afrilu iskar Maigatari da Sule Tankarkar a bushe take ƙayau, har leɓe yana tsagewa, fata tana fari. Rabin shekara ke nan da injin mai faci yake zuƙar iskar da danshinta kaɗan ne ƙwarai. Matsalar ta damina ce, musamman Yuli da Agusta da Satumba, maganinta kuma yana gindin tankin: ɗan famfon da ake buɗewa kowace safiya a tsiyaye ruwan. Mai tirela yana da haƙƙin ya ce wa mai faci, “Malam, a tsiyaye tankin tukuna.” Ya kuma sa ido a kan ruwan sabulun da ake shafawa lokacin ɗora taya a rim. Idan aka kwarara shi har ya taru a ciki, ko da naitirojin aka cika tayar, ruwan yana nan.

Kun kuwa san abin da ya sa dole jirgin sama ya sa naitirojin? A ranar 31 ga Maris 1986 wani jirgin Boeing 727 na kamfanin Mexicana ya tashi daga babban birnin Meziko, ƙasar nan da take sayen soborodon da ake tarawa a Maigatari. Birki ɗaya ya ɗauki zafi fiye da kima, tayar da ke kansa kuma iska aka buga mata. Zafin ya sa roba ta fitar da tururi mai kamawa, ya haɗu da oksijin ɗin da ke matse a ciki, taya ta tarwatse a cikin ramin da ƙafafun jirgi suke shiga, ta yanke bututun mai, wuta ta tashi. Mutum 167 suka mutu. A 1987 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta wajabta cewa tayoyin manyan jirage masu birki a cika su da busasshen naitirojin, oksijin ɗin ciki kada ya wuce kashi 5. Ƙari a kan haka, jirgi yana hawa inda sanyi yake kai digiri 50 ƙasa da sifiri, duk ɗigon ruwan da ke cikin taya ƙanƙara zai zama. Waɗannan dalilai ne na jirgi. Tayar tirela a fili take tana shan iska, kuma ba ta zuwa inda ruwa yake daskarewa.

Mu kuwa muna da namu labarin, mai ciwo, wanda har yau akwai gidajen da suke tuna shi. Shin ko kun san hatsarin da ya halaka alhazanmu a Jidda a ranar 11 ga Yuli 1991 daga taya ya faro? Jirgin DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa yana jigila da sunan Nigeria Airways, zai kai alhazai Sakkwato. Bincike ya nuna cewa tun kafin ranar an san akwai tayoyin da iskarsu ta yi ƙasa. Ana dab da tashi makaniki ya nemi naitirojin ya ƙara, ba a samu a kusa ba, mai kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta ba. Jirgi ya fara gudu a kan titi. Tayar da ke da ƙarancin iska ta sakar wa abokiyar zamanta nauyi, abokiyar zaman ta fashe, ita ma ta bi ta, ƙarfe ya riƙa gogar ƙasa har wuta ta kama. Aka naɗe ƙafafun da wutar a jikinsu. Matuƙan sun juyo za su sauka, ba su kai ba. Mutum 261, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu da rahama.

Na kawo wannan ne saboda abin da ya faru da tayoyin nan biyu shi ne yake faruwa a ƙarƙashin tirela. Jirgi ba shi da zaɓi, sai ya jira naitirojin komai daɗewa. Tirela tana da zaɓi mai sauƙi, domin iskar mai faci ta ishe ta. Abin da ba a yarda da shi ba ga kowannensu shi ne a tashi da taya mai ƙarancin iska don kada a makara. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari kowa yana sauri, dillali yana sauri, mai shanu yana so a kama hanya kafin dare ya yi nisa, ga tafiyar fiye da kilomita dubu zuwa Legas. Minti ashirin ɗin zagaya tayoyi da geji a wannan lokacin ne suka fi wuyar samu, kuma a lokacin ne aka fi bukatarsu.

Shin ko kun san tagwayen taya suna cutar juna? Tirela mai taya goma sha takwas ko ashirin da biyu yawancin tayoyinta bibbiyu suke a ɗaure, dole su yi juyi tare. Masu ƙera tayoyin manyan motoci sun lissafa cewa bambancin awo 5 kacal tsakanin tagwaye yana sa ɗaya ta fi ɗaya girma, sai a riƙa jan ƙaramar a ƙasa kusan mita biyu da rabi a kowace kilomita. A tafiyar kilomita dubu an goga ta a kwalta kilomita biyu da rabi ke nan, babbar kuma tana ɗauke da nauyin da ya kamata su raba. Ta ciki ce aka fi mantawa da ita, don bawul ɗinta yana da wuyar kaiwa, ga ta kusa da zafin birki. Wannan bambancin na awo 5 ya ninka ribar da aka auna wa naitirojin ta shekara guda kusan sau huɗu.

Ƙwanƙwasa taya da ƙarfe fa? Tana nuna wadda ta sace sarai. Ba ta bambanta 100 da 85.

Ko kun san tayar babbar mota da aka yi tafiya da ita a kan kashi 80 cikin ɗari na iskarta ko ƙasa da haka, masu ƙera taya suna ɗaukarta a matsayin wadda ta sace? Shawararsu ita ce kada a ƙara mata iska kawai a wuce. A cire ta, a duba cikinta. Wayoyin gefenta suna iya gajiya ba a gani daga waje, sai ana cikin buga iska gefen ya yage lokaci ɗaya, da ƙarfin da yake iya kashe wanda ke tsugune a gabanta. Don haka ne manyan gareji suke da kejin ƙarfe da ake sa taya a ciki kafin a buga mata iska. Masu facinmu, waɗanda da yawansu yara ne masu koyon sana'a, ba su da wannan kejin. Ko ba komai a sa doguwar tiyo, a tsaya ta wajen da taya take taka ƙasa, kada a fuskanci gefenta, kuma kada kowa ya zauna a kanta.

Shin ko kun san taya tana ɗauke da iyakar lodinta a rubuce a jikinta? Ku duba tayar nan da aka fi gani a manyan motoci, mai lamba 315/80R22.5. A gaban lambar za ku ga wani abu kamar 156/150. Ma'anar 156 ita ce kilo 4,000 idan ita kaɗai ce, 150 kuma kilo 3,350 idan tagwaye ne, kuma sai an cika ta da iskar da aka rubuta a gefenta take iya ɗaukar hakan. Iska ce take ɗaukar kaya, roba riƙe ta kawai take yi. Idan aka jibga buhunan riɗi ko gero har bodi ya lotsa, sannan taya ta fashe aka ce ai iskar mai faci ce ba ta da kyau, an bar jaki ana dukan taiki. Babu irin iskar da take ƙara wa taya ko kilo ɗaya a kan abin da aka rubuta.

Kun san ana iya gauraya iska da naitirojin? Idan an ga murfin bawul kore, alama ce ta cewa naitirojin aka sa. Wasu suna tsoron ƙara iska a kai, suna zaton wani abu zai faru. Babu abin da zai faru, kason ne kawai zai ɗan sauko. Direban da ya ga tayarsa ta yi ƙasa a tsakanin Sule Tankarkar da Gumel, ya tsaya wurin mai faci na farko da ya gani. Idan ya ce sai ya isa Kano inda ake sayar da naitirojin, tafiyar fiye da kilomita ɗari a kan taya mai laushi za ta cinye duk ribar da yake karewa, ta ƙara da tayar kanta. Hanyoyinmu ma ba sa barin taya ta daɗe a rufe. Ƙusa, ƙaya, guntun ƙarfe, ramin da ya lanƙwasa rim, duk faci ɗaya yana zubar da abin da aka saya.

Shin to babu inda naitirojin yake da rana a wurin mai tirela? Akwai, kuma bai kamata a ɓoye ba. Na farko, motar da za ta daɗe a tsaye. Mutanen Maigatari sun san wannan. An rufe iyakar ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai 16 ga Disamba 2020, lokacin da aka buɗe Maigatari da Illela da Seme da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Motar da ta yi watanni ba mai duba ta, tayar naitirojin za ta fi riƙe ƙarfinta kaɗan. Na biyu, tsufan ciki. Oksijin da yake ratsa roba yana busar da ita yana sa ta tauri, zafi kuma yana hanzarta hakan, kamar yadda binciken da Amurkawa suka yi a garin Phoenix mai zafin hamada ya nuna. Kamfanin da yake sayen sababbin tayoyi, yake so ya sake musu sabon bayan taya idan sun cinye, yake kuma da injin tace naitirojin a garejinsa, yana iya cin wannan riba. Manyan motocin haƙar ma'adinai ma suna amfani da shi saboda tsoron gobara a cikin taya. Wani abin sha'awa kuma, tayar tirela ta fi ta ƙaramar mota sauƙin cika da shi. Tun da ana matsa mata kusan ninki takwas na iskar da ke cikinta tana sace, bugu ɗaya daga tukunyar tsantsar naitirojin yana sauko da oksijin ƙasa da kashi 3, alhali a ƙaramar mota sai an cika an sace an sake cikawa.

Hukuncina dai shi ne, idan kyauta aka ba ka tare da sabuwar taya, ka karɓa, ba ya cutarwa. Idan sai ka biya wa taya ashirin da biyu, kuma motarka tana bin hanyar da za a yi faci kafin wata ya ƙare, kuɗin sun fi amfani a geji mai kyau na manyan motoci, da murafen bawul, da ɗan ihsani ga yaron motar da zai riƙa shiga ƙarƙashi kowace asuba ya auna har tayoyin ciki. Awo 10 da ya ragu a tayoyin babbar mota yana ƙara shan mai da kusan kashi 1 cikin ɗari, kuma mai mota ya san abin da hakan yake nufi a ƙarshen wata. A Tarayyar Turai, tun Yulin 2024 duk sabuwar babbar mota da tirelarta sai da na'urar da take sanar da direba idan iskar taya ta yi ƙasa. Dokar tasu ba ta tambayi irin iskar ba, yawanta take bibiya.

Shin ko kun san taya tana da ranar haihuwa? A ƙarshen jerin lambobin da suka fara da DOT akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasarmu, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Kamfanin Michelin yana cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, idan ta cika goma a sauke ta ko da bayanta bai cinye ba. Wannan magana ta ƙara nauyi a wurinmu tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta cika da na waje, har da 'yan Beljiyam da suka riga suka yi aiki a wata ƙasa. Tayar da ta tsufa a hannun wani, gefenta ya fara tsattsagewa, naitirojin ba zai mayar mata da ƙuruciya ba. Kuma rana da take dukanta daga waje ba ruwanta da abin da ke ciki.

Ko kun san walda a jikin rim da taya a kansa tana iya tarwatsa ta ko da an sace iskar? Zafin yana bin ƙarfe ya shiga roba, robar ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da tururi mai kamawa, kuma abin yana iya ci gaba bayan an kashe injin walda, ya fashe bayan mintuna ko sa'o'i, lokacin da kowa ya saki jiki. Haka ma gasa notin taya da wuta don ya kwance. A sauke taya daga rim tukuna.

Ƙaramin abu na ƙarshe da ya kamata a kula da shi shi ne bawul. Irin wanda muke amfani da shi kamfanin Schrader na Amurka ne ya fito da shi tun shekarun 1890, kuma har yau ɗan ƙaramin ƙarfe ne da 'yar roba suke tare iska. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauyukan Gagarawa idan suka shiga bakinsa, sai ya daina rufewa sosai, ya zubar a mako guda abin da roba ba za ta tsatsafar ba a wata shida. Murfin ƙarfe mai 'yar roba a ciki yana hana ƙura shiga, yana kuma zama ƙofa ta biyu. Bayan an gama buga iska a shafa ruwan sabulu a bakin bawul da gindinsa. Idan kumfa ta taso, a canza cibiyarsa nan take kafin a fara lodi.